AMSAR TAKARDUNKU: Wahalar Allurar Riga-kafi Da Ciwon Da Kan Zauna Bayan Cuta Ta Wuce

A wannan mako mun ware takardun da suka zo mana daga yammacin Jihar Zamfara, watau daga Adabka da Bukkuyum da Anka da Gummi, domin da muka baje su a kan tebur sai muka ga kusan duk magana ɗaya suke yi. Wani yana kukan allurar riga-kafi ta wahalar masa da yaro, wani kuma cuta ce ta kama shi ta sake shi, amma har yau bai koma daidai ba. Tun da yake batu ne na rashin lafiya, kuma wasu sun roƙe mu kada mu ambaci sunansu, to, mun sakaya sunan kowa da kowa. Wanda ya rubuto zai gane takardarsa.

DAGA ADABKA

Takarda ta farko ta fito daga wani manomi a Adabka, cikin Ƙaramar Hukumar Bukkuyum. Ya ce an yi wa jaririnsa allura a cinya ranar da ya cika kwana arba'in da biyu, da dare jiki ya yi zafi rau, cinyar ta kumbura, yaro ya kwana yana kuka, uwa ba ta runtsa ba. Ya ce shi dai ya kai yaro lafiya lau ya dawo da shi ba lafiya, saboda haka ya ce wa maiɗakinsa kada ta sake komawa. Yana tambaya, shin ya yi laifi?

To, Malam, abin da ka gani da idonka gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce maka allurar riga-kafi ba ta sa zazzaɓi bai faɗa maka daidai ba. Abin da ke cikin allurar nan wani ɗan yanki ne na ƙwayar cuta, ko kuwa ƙwayar da aka kashe ko aka raunana ta, ana nuna wa jiki ita don ya san kamanninta tun kafin ta gaske ta zo. Kamar dai a nuna wa mai gadin rumbu fuskar ɓarawo ne da rana. Zafin jikin da kumburin alama ce jiki ya ga baƙo ya tashi tsaye.

Allurar da aka yi wa ɗanka ita ce mai haɗe da riga-kafi biyar, wadda aka fara yi a Nijeriya a 2012: tana tsare yaro daga mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari ga jarirai. Sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14. A cikin alluran jarirai ita ta fi yin suna wajen sa zazzaɓi. Yakan zo ran da aka yi ta ko kashegari, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani lokaci wurin yakan bar ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwarar gyaɗa, ya yi makonni kafin ya baje. Abin yi shi ne a yawaita ba shi nono, a rage masa kaya, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan kumburin, in malamin asibiti ya rubuta farasitamol na yara a ba shi daidai awon da ya faɗa. Kada a murza wurin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada kuma a kira wanzami ya tsaga.

Sauran alluran kowace da halinta, kuma da a ce ana faɗa wa iyaye tun a wurin, da an rage rigima da yawa. Ta tarin fuka, wadda ake yi a damtse bayan haihuwa, shiru take yi har mako biyu zuwa huɗu, sa'an nan ta fito da ɗan ƙurji, ya fashe, ya warke a hankali cikin wata biyu ko uku ya bar tabo. Wannan tabon shi ne lambar da manya da yawa ke da ita a hannu, ba a sa masa magani. Ta ƙyanda kuwa, wadda ake yi a wata na 9 a maimaita a wata na 15, nata zazzaɓin ba ya zuwa sai bayan kwana 7 zuwa 12, ga yara 5 zuwa 15 cikin ɗari, wasu har da 'yan ƙuraje marasa yawa. Da yake an riga an manta da allurar, sai a ɗora wa wani abu daban.

Akwai alamun da ba a zama da su a gida. In yaro ya ƙi kama nono sam, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya motsi sosai, ko ya yi ta tsala kuka fiye da awa uku ba tsayawa, ko zazzaɓi ya haura kwana biyu, sai asibiti. Musamman da damina, domin sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ya faɗo a ranakun, allura ta ɗauki laifin, ana jiran ya wuce da kansa har jinin yaro ya ƙare. Akwai kuma wanda jikinsa ke ƙin maganin nan take, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe. Wannan wajen mutum ɗaya ne cikin miliyan, kuma cikin mintoci kaɗan yake bayyana, shi ya sa ake cewa a zauna a wurin kamar minti 15 zuwa 30 kafin a kama hanya. Mun san uwa tana sauri ta koma ga girki ko ta sami mashin kafin la'asar, amma wannan ɗan zaman yana da dalili.

In kuwa wurin allurar ya yi ja, ya ɗuri ruwa, ya zama maruru mai mugunya, to, galibi wannan daga hannun mai yin allurar ne ko daga yadda aka adana maganin. Alal misali, maganin ƙyanda in an haɗa shi da ruwansa, bayan awa 6 zubar da shi ake yi. Kana da iko ka ga an ɓare sabon sirinji a gabanka. In irin wannan ya faru, a kai yaro a yi masa magani, kana a faɗa wa shugaban asibitin ya rubuta, domin kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka wanda aikinsa ne ya karɓi irin wannan rahoto ya tura sama, har ya kai ga hukumar NAFDAC. In an yi shiru, mai gangancin zai ci gaba da yi wa 'ya'yan wasu.

Amsar tambayarka ke nan, Malam: tsoron da ka ji ba laifi ba ne, amma allura ɗaya cikin uku ba ta gama aikin ba. Ku koma da katinsa. Ko an makara ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

ƘAFAR DA TA SHANYE

Takarda ta biyu ta fi nauyi. Wani dattijo ne daga ƙasar Gummi, ya ce jikansa mai shekara uku ya yi zazzaɓi, aka kai shi kemis aka yi masa allura a ɗuwawu, kwana biyu bayan haka sai ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Kafin nan kuma masu ɗigon shan inna sun shigo gidan. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa ɗigon ne, wasu na cewa allurar ce, tsofaffin mata kuma na cewa Inna ce ta sha ƙafar.

Baba, Allah ya ba shi lafiya. Za mu yi muku bayanin hanyoyin da ƙafar yaro kan shanye bayan allura, ku gwada da abin da kuka gani.

Akwai wata babbar jijiya da ta ratsa ta ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa. Ɗuwawun ƙaramin yaro ba nama sosai, balle wanda ya rame. In wanda bai ƙware ba ya soka allura ta taɓa jijiyar nan, yaro kan ƙwalla ƙara ta daban, nan da nan ko cikin sa'o'i kaɗan ƙafar ta saki daga idon sawu, yana jan ta, wani sashe nata kuma ba ya jin taɓi. Likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi a asibitocin Arewa suna yawan ganin wannan, kuma mafi yawa daga allurar zazzaɓi ne da ake yi a kemis ko a gida. Dalili ke nan da ya sa riga-kafin jarirai a cinya ake yin sa ko a damtse. Mu a ganinmu son allura da mutanenmu ke yi, har mutum ya ga in ba a soke shi ba ba a yi masa magani ba, ya gurgunta yara fiye da yadda ake zato. Yaron da ke iya haɗiya, maganin sha ya ishe shi a mafi yawan zazzaɓi.

Shan inna kuwa ƙwayar cuta ce irin wadda likitoci ke kira bairos, tana shiga ta baki daga ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, wajen ɗaya take shanyewa. Zazzaɓi take fara kawowa, bayan 'yan kwanaki ƙafa ta yi laƙwas tun daga cinya, amma in an mintsini yaron yana ji. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, in ƙwayar tana jikin yaro aka yi masa allura a tsoka, shanyewar ta fi saurin sauka a ƙafar da aka soka. Ka ga ke nan ana iya samun hannun cutar da na mai kemis a ƙafa ɗaya.

Saura ɗigon. Ba za mu ɓoye muku ba, ɗigon shan inna ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Yakan faru ta shanye yaron da aka ɗiga wa, amma abu ne na ɗaya cikin ɗigo miliyan biyu da wani abu. Wadda ta fi damun likitoci ita ce hanya ta biyu. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da raunanniyar ƙwayar a bayan gidansa. A garin da kusan kowane yaro ya karɓa, ba ta samun wurin zama sai ta mutu. A garin da yara da yawa ba su karɓa ba, kuma ana bayan gida a fili, sai ta yi ta yawo daga wannan ciki zuwa wancan har shekara guda ko fiye, tana sake ƙarfi, daga bisani ta shanye yaron da ba shi da riga-kafi. Irin wannan ce ta shanye yara fiye da 400 a Nijeriya a 2021, kuma a shekarun da suka biyo baya Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa, saboda akwai ƙauyukan da rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga. Ita shan inna ta asali rabon da a gan ta a ƙasar nan tun 2016 a Jihar Barno, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka ba da shaidar ta ƙare a Afirka. A 2021 aka fara amfani da wani sabon ɗigo da aka gyara don ya yi wuyar komawa mai cutarwa, Nijeriya ce ma ta fara. Akwai kuma ta allura, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, ana haɗa ta da sauran alluran jarirai.

Mun san inda zargin ya samo tushe. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba riga-kafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon bisa zargin yana hana haihuwa. Aka yi gwaje-gwaje a gida da waje ba a tabbatar da zargin ba, Kano ta dawo a watan Yuli 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, kuma a 2006 kaɗai ta shanye yara fiye da 1,000 a Nijeriya. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a tashoshin mota.

Abin da za ku yi yanzu, Baba, kada ku tsaya gardamar wa ya jawo. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu, an fi so cikin kwana 14 na farko, a kai ɗakin bincike ba tare da kun biya ba, shi ne zai raba gardama. Sa'an nan ita ƙafar, kada a bar ta a naɗe. Kullum safe da yamma a riƙa miƙe gwiwa da idon sawu a hankali ana lanƙwasawa, domin ƙafar da aka bari wata da watanni takan ƙage a lanƙwashe, wanda da zai yi tafiya da takalmin ƙarfe sai ya koma rarrafe. Ƙarfin da zai dawo yawanci cikin wata shida na farko yake dawowa, jijiyar da allura ta taɓa ma takan farfaɗo in ana motsa ƙafar. Akwai sashen gashin ƙashi da motsa jiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aikin ƙashi da takalmin ƙarfe kuma Asibitin Dala a Kano. A sa shi makaranta tare da tsaransa. Ƙafa ce ta shanye, kan yana nan garau.

BAYAN BAƘON DAURO

Wata baiwar Allah daga Anka ta sa an rubuto mata cewa 'yarta ta yi ƙyanda da bazarar bara, ƙurajen sun bushe, an yi murna, amma tun daga nan yarinyar ba ta sake yin ƙiba ba. Yau zawo, gobe tari, kunne na zubar da ruwa, da magariba kuma tana laluben bango.

Malama, wannan shi ne halin baƙon dauro, yakan tafi ya bar kayansa. Masu bincike sun nuna a 2019 cewa ƙwayar ƙyanda tana goge wani kaso na abin da jikin yaro ya riga ya koya na yaƙi da sauran cututtuka, a wasu yaran kaɗan, a wasu har fiye da rabi. Sai yaro ya koma kamar sabon haihuwa, duk abin da ya gitta ya kama shi, kuma hakan kan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ya murmure. Yarinyar da ta tashi daga ƙyanda marar lafiya ce har yanzu, ko da tana wasa a tsakar gida.

Laluben bangon nan shi ya fi tayar mana da hankali. Dundumi ne, alamar sinadarin bitamin A ya ƙare a jikinta, kuma ƙyanda ce ke cinye shi. In aka bari, baƙin idon kan bushe, ya yi gyambo, ya bar farin tabo wanda ba ya gogewa. Makafi da yawa da ke bara a garuruwanmu ta nan suka rasa idonsu. Ki kai ta asibiti gobe-goben nan a ba ta ƙwayar bitamin A, wadda ake yanke bakinta a matsa a bakin yaro, a kuma duba kunnen, domin ruwan kunnen da ya daɗe yana kawo kurumta. A gida kuma a dage da zogale, da kabewa, da manja a miya, da gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne, da ƙwai, da 'yar hanta ranar kasuwa, da kunun gyaɗa mai kauri. A ƙara mata ci ɗaya a kan na sauran yara. In damtsenta ya sirance ƙwarai ko ƙafafu sun kumbura, tamowa ce, akwai abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a asibiti dominta. Kada a ɗiga mata komai a ido in ba likita ya bayar ba, ko ruwan ganye ko tozali.

Ki riƙa duba bakinta. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wanda ke bin yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da ƙyanda da yunwa suka raunana. Daga dasashi yake farawa, ya yi jini, baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin kwanaki kaɗan ya huda fuska. In ba a yi magani ba yana kashe har tara cikin goma, alhali in an tare shi tun yana dasashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki sun isa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan ciwo tun 1999, inda ake gyaran fuskar waɗanda ya ɓata. Akwai kuma wani ciwon ƙwaƙwalwa, ba shi da yawa, da kan fito shekara 7 zuwa 10 bayan ƙyanda, ya fi bin waɗanda suka yi ta kafin shekara biyu: yaro ya fara mantuwa, jiki na fizga, har ya kwanta. Ba shi da magani, hanyar tsira daga gare shi ita ce kada a yi ƙyandar tun farko. In kina da ƙananan da ba a yi wa allurar ba, ki tuna cikin yara goma marasa riga-kafi da suka zauna da mai ƙyanda, tara sukan kamu.

Da yake daga Anka kika rubuto, dole mu ƙara wannan. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Da farko an ɗauka zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau, sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sa aka auna jini. Dalma tana sa jijjiga, da ciwon ciki, da ƙarancin jini, da dakushewar ƙwaƙwalwa, watau alamun da ake iya ɗora wa allura ko ƙyanda. In akwai mai aikin haƙar zinariya a gidanku, ki faɗa wa likita da bakinki, kuma kada a shigo da dutsen ko kayan aikin inda yara ke rarrafe.

GAJIYAR DA TA ƘI ƘAREWA

Sai wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi, wanda ke bin kasuwannin Gummi da Nasarawar Burkullu. Ya ce a 2020 ya yi wata mura mai tsanani har ya daina jin ƙanshi, a 2021 kuma aka yi masa allurar korona. Tun daga wancan lokaci, shi da ke ɗaga buhu shi kaɗai, yanzu in ya yi tafiya kaɗan sai haki, lissafin kuɗi na ruɗe masa, in ya matsa wa kansa ran kasuwa sai ya kwana biyu a kwance. Abokansa na cewa allurar ce, iyalinsa na cewa sammu ne, wani ma ya ce masa lalaci ne.

Alhaji, ba lalaci ba ne. Abin da ka zayyana ya yi kama da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba suna a 2021, watau ciwon da kan biyo bayan korona: gajiya, da ƙarancin numfashi, da ruɗewar tunani, waɗanda ke nan wata uku bayan cutar, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu ba wani dalili daban. Hukumar ta ƙiyasta wajen mutum 6 cikin 100 da suka yi korona sukan faɗa cikinsa. Yawanci suna samun sauƙi a hankali, wasu kuwa sukan kai shekaru.

Game da allurar, wadda ta fara isowa Nijeriya ran 2 ga Maris 2021 ta kamfanin AstraZeneca ce. Ta sa mutane da yawa ciwon damtse da zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu. An kuma tabbatar tana sa wa mutane ƙalilan ƙwarai daskarewar jini mai haɗari, kuma hukumomin Turai da kansu suka bayyana haka a shekarar. Amma wannan cikin makonnin farko bayan allura yake aukuwa, da matsanancin ciwon kai ko kumburin ƙafa, ba abu ne mai ɓuya ya fito bayan shekaru ba. An daina yin wannan allura, kamfanin ya janye ta a 2024. A Ingila tun 1979, a Amurka kuma tun 1986, akwai dokar biyan diyya ga wanda aka tabbatar riga-kafi ya nakasa shi, kuma muna ganin hukumominmu su dubi wannan, domin wanda ya san ba za a yar da shi ba in an sami akasi ya fi saurin miƙa hannu.

Kafin ka ɗora wa korona ko allura, je a auna ka, domin akwai cututtuka masu magani da ke zuwa da irin wannan gajiya. A duba hawan jini, da sukari, da yawan jini, da zuciya. In akwai tari fiye da mako biyu ko zufar dare ko rama, a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitin gwamnati. A kuma gwada ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen manya 8 cikin 100 na ɗauke da shi a Nijeriya, yawancinsu ba su sani ba, domin yakan zauna shiru shekara ashirin ko talatin yana cin hanta. Akwai ƙwayar da ake sha kullum ta danne shi. Kai da ke harkar hatsi ka riƙe wannan: gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna da wata guba da ke haɗuwa da wannan cuta su kawo dajin hanta, kada a ce a ci a gida don ba za ta sayu ba. Jaririn da ya ɗauka daga uwa kuwa, tara cikin goma sukan zauna da shi har girma, shi ya sa ake son allurar hanta ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

In duk an duba ba a ga komai ba, to, sai zama da abin cikin dabara. Masu wannan ciwo sun gane cewa ƙarfinsu kamar jarin ɗan tireda ne, in ka cinye na kwana uku a rana ɗaya sai ka rufe shago. Ka tsaya tun kafin ka gaji. Ka zauna a kan ciniki da awo, ɗaukar buhu ka bar wa yara, ka rage kasuwannin da kake bi a mako, ka sa wani amintacce ya riƙe maka littafin lissafi. Ranar da ka ji garau ita ce ranar hattara, nan ake yin wuce gona da iri. Ka guji allurar ƙarin ƙarfi da ƙarin ruwa a kemis, da ƙwayoyin nan da 'yan ga-ruwa da masu aikin ƙarfi ke sha, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, kuɗi za su ci, su kuma taɓa ƙoda da hanta.

A TAƘAICE

Wani gurgu mai gyaran rediyo a Bukkuyum, ɗan shekara arba'in da wani abu, ya ce hannuwan da yake tafiya da su tun yana yaro sun fara gaza masa, ko shan innar ce ta dawo? Ba ta dawo ba, Malam, kuma ba za ka sa wa kowa ba. Jijiyoyin da suka tsira ne suka ɗauki aikin waɗanda suka mutu shekara da shekaru, yanzu sun gaji. Yakan sami mutum 25 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka yi shan inna, shekara 15 zuwa 40 bayanta. Ka rage wa kafaɗunka aiki, ka nemi keken guragu, ka kula kada jiki ya yi nauyi.

Wata kuma daga Gummi ta ce mijinta ya warke daga zazzaɓin Lassa a wani gari da ya je ci-rani, ya dawo ba ya ji sosai. Wannan sananne ne, wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke sukan sami matsalar ji, kuma kusan rabinsu jin kan ɗan dawo cikin wata ɗaya zuwa uku. In ya wuce haka a kai shi sashen kunne a Gusau ko Sakkwato a auna, wataƙila na'urar ƙara ji ta taimaka. Haka ma waɗanda sanƙarau na 2017 ya bari da kurumta, annobar da ta fi tsanani a Zamfara. Ki riƙa fuskantarsa in za ki yi magana, ki yi a hankali, ihu ba ya ƙara komai.

Mun san halin da hanyoyin yankinku ke ciki, da tsadar mota, ba kullum ake iya zuwa Gusau ba. Saboda haka duk wanda zai yi tafiyar, ya tafi da katin riga-kafi, da kwalayen magungunan da aka sha, da takardar da aka rubuta ranar da aka yi allura da ranar da ciwo ya fara, ya kuma roƙi a yi masa gwaje-gwajen a zuwa ɗaya. Takardun da suka shafi ciwon sikila da na hawan jini ga masu juna biyu suna nan mun ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.